Atisayen da Sadiƙa ta Raina

Akwai wata yarinya mai suna Sadiƙa a wani ƙauye kusa da Makoɗa, 'yar aji biyu a babbar sakandaren 'yan mata. Allah ya yi mata baiwar gudu. Tun tana ƙarama, idan akuya ta tsinke igiya ta faɗa gonar gyaɗar maƙwabta, ita ake kira ta kamo ta.

A makaranta babu mai tsere mata a gudun mita ɗari. Ta san haka kuwa, kuma ba ta ɓoye cewa ta sani.

Mahaifinta Malam Badaru manomi ne, da ƙyar ya bar ta ta shiga wasanni. Sai da Malama Tahira, mai koyar da motsa jiki, ta je har gida ta nuna masa kayan gudun, dogon wando da ƙaramin hijabi, sannan ya amince.

Malama Tahira tana da wani atisaye da take sa 'yan tsere sau biyu a mako. Yarinya za ta durƙusa a kan tabarma, ƙawarta ta danne mata idon sawu, sai ta riƙa tafiya gaba a hankali jikinta a miƙe, har ta kasa riƙe kanta ta dafa ƙasa.

"Wannan na naman bayan cinya ne," in ji Malama. "Idan kin wurga ƙafa a guje, shi yake taka mata burki. Mu mata sau da yawa na gaba ya fi mana ƙarfi, na baya yana baya. Mai sauri ta fi kowa bukatarsa."

Ranar farko da Sadiƙa ta gwada, ko taƙi ɗaya ba ta yi gaba ba ta kife da fuska. 'Yan mata suka tuntsire da dariya. Yakaka kuwa, wadda ta danne mata ƙafa, wadda kullum take zuwa ta huɗu ko ta biyar a tsere, ta yi nata sau uku lafiya lau.

Abin ya tsaya wa Sadiƙa a rai. Ita da ake yi wa tafi, yau ita ake yi wa dariya?

Daga ranar ta fara zille wa atisayen. Yau ciwon ciki, gobe an aike ta. Da Malama ta matsa mata sai ta ce, "Malama, ina yi a gida, ƙanwata ce take riƙe mini."

Yakaka ta taɓa tare ta a hanya. "Ki zo mu yi mu biyu a bayan aji, babu mai ganinki."

Sadiƙa ta dube ta sama da ƙasa. "Ke da kike yi kullum, ta nawa kike zuwa?"

Yakaka ta juya ta kama hanyarta.

A farkon kaka aka yi gasar makarantun shiyya a Dawakin Tofa. Biyu na farko za a kai su gasar jiha. Aka busa usur, Sadiƙa ta fita kamar yadda ta saba, ta ba sauran tazara. Ta wuce rabin fili ke nan sai ta ji kamar an sheme ta da sanda a bayan cinyar dama. Ta yi tsalle biyu da ƙafa ɗaya ta zube. Tana kwance tana kallon dugadugan waɗanda ta bari a baya suna wuce ta.

Mai ɗori ya duba ya ce ƙashi lafiya yake. A asibiti aka ce naman ne ya yage, sai ta yi makonni ba gudu.

Ana tsakiyar cirar gyaɗa, kowa yana gona, ita tana zaune a tabarma ƙafa a miƙe tana tsinkar wadda aka kawo gida. Mahaifinta ya cika ya batse, ya ce gobe zai je wurin shugabar makaranta ya kai ƙarar malamar da ta nakasa masa 'ya.

Da la'asar sai ga Malama Tahira ta zo dubiya. Malam Badaru ya tare ta a zaure.

"Malama, amana na ba ki. Kika ce kin san aikinki. Ga ta nan ko randa ba ta iya zuwa sai da dogarawa."

"Ka yi haƙuri, Malam," in ji ta. Ba ta kare kanta ba.

Sadiƙa tana jin su daga tsakar gida. Idan ta yi shiru, laifin ya tafi kan Malama, ita kuma ta zama abar tausayi. Ta daɗe tana murza ɓawon gyaɗa a hannu. Can sai ta dafa bango ta miƙe, ta ɗingisa har bakin zaure.

"Baba, ba laifinta ba ne. Akwai atisayen da take sa mu saboda irin wannan ciwon. Wata huɗu ban yi ba. Ƙarya na yi mata na ce ina yi a gida."



"Me ya hana ki?" in ji mahaifinta.

"Ban iya ba ne, Baba. Kuma ba na son a ga ban iya ba."

Malam Badaru ya sunkuyar da kai, sannan ya juya ya ba Malama haƙuri. Ita kuwa ta ce, "Ba zan ce da ta yi ba za ta ji ciwo ba, wannan sanin Allah ne. Amma yana rage haɗarin sosai. Ni ma da laifina, ya kamata a ce na sa ta yi a gabana."

Malam Badaru ya yi kwana uku yana nazarin maganar. A na huɗu ya ce idan Sadiƙa ta warke ta koma gudun, tunda ta iya faɗin gaskiya a kan kanta.

Warkewar ta fi ciwon wuya. Da farko kwanciya take yi a rigingine tana ɗaga ƙugu. Sai bayan wata biyu Malama ta ce ta koma atisayen durƙuso. Sadiƙa ta je wurin Yakaka kanta a ƙasa.

"Abin da na faɗa miki rannan…"

"Durƙusa kawai," in ji Yakaka tana shimfiɗa tabarma.

Sadiƙa ta gwada, ta kife a gaban kowa, 'yan aji ɗaya ma suka yi dariya. Ta share fuska ta sake. Sai da ta yi makonni shida kafin ta iya sauka rabi ba ta faɗi ba.

Shekara ta zagayo, aka sake gasar. A tsakiyar fili tsoro ya kama Sadiƙa, tana jiran ta ji zafin nan. Ƙafar ta riƙe. Sai dai a mita goma na ƙarshe wata ta ɓullo ta gefenta ta wuce ta da taku ɗaya. Yakaka ce. Fiye da shekara tana gina jikinta a hankali, ba wanda ya lura.

Su biyun aka rubuta za su wakilci shiyya.

Da Sadiƙa ta sauka daga mota da yamma, mahaifiyarta Inna tana bakin murhu ta tambaye ta, "To, wa ya ci?"

"Yakaka."

Inna ta ɗago tana duban fuskarta, ko za ta ga alamar kuka. Ba ta gani ba.

"Ta fi ni aiki, Inna," in ji Sadiƙa tana kwance igiyar takalmi. "Haƙƙinta ne."

Darasi: Baiwa kyauta ce daga Allah, amma ba ta kare mai ita daga sakaci. Abin da kake gudu don kada a ga kasawarka, sau da yawa shi ne abin da ka fi bukata. Kada ki raina ƙaramin aiki, kada ki raina mai yin sa da haƙuri, kuma idan kin yi kuskure kada ki bari wani ya ɗauki laifinki. Ku tura wa 'yan uwa, musamman 'yan matanmu masu wasanni da iyayensu.