Akwatin Tubalan Malam Haladu

To, ku matso kusa, a bar surutun nan haka. Labari zan ba ku, amma ba na jin daɗi kawai ba ne. In na kai ƙarshe akwai shari'a, ku ne kuwa alƙalan. Kada in ga wani ya sulale ya tafi.

A wani gari da ake kira Tudun Gawo an yi wani kafinta, Malam Haladu, da matarsa Inna Hajjo. Wata damina aiki ya yi ƙasa, ruwa ya kulle 'ya'yansa uku a ɗaki suna ta ƙiriniya. Sai ya tattara ragowar katako ya yayyanka, kowanne faɗin tafin hannu, guda tamanin. Ya sa ƙarfe a wuta ya zana musu: wannan hanya, wancan rafi, wani gona, wani ganuwa, wani kuma ya haɗa biyu ko uku. Ya ce sunansu tubala, don gari za a gina da su. Ya yi musu akwatin ajiya, amma in za a yi wasa a jaka ake zuba su, kowa ya zura hannu ya zaro ɗaya bai gani ba, ya jingina shi da waɗanda ke kan tabarma. Sharaɗin dai hanya ta haɗu da hanya, rafi ya haɗu da rafi. Wanda ya rufe gona ko ya kewaye unguwa da ganuwa, sai ya ɗora alamarsa a kai, wani ƙwallon dabino, wani tsakuwa, wani ƙwayar wake. In jaka ta ƙare a ga wanda ya fi ƙasa. Da hannun dama kuma ake ajiye tubali, wannan dokar Malam ce, ba ya ɗaga wa kowa.

Shekara talatin ana wannan wasa, kowace Juma'a bayan La'asar, a ƙarƙashin rumfar tsakar gida. Yaran suka girma, kowa ya yi gidansa, amma Juma'a ba ta wuce su. Inna Hajjo ba ta taɓa zura hannu a jakar ba. Nata shi ne ta zauna gefe da farantin dafaffiyar gyaɗa tana kallon fuskoki, kuma a wurin wasan nan ta san halin 'ya'yanta fiye da ko'ina. Babbar, Huwaila, malamar firamare ce, ba ta ajiye tubali sai ta hango uku na gaba, ita kaɗai ce take kayar da uban nata, shi ma sau biyu ko uku a shekara. Na tsakiya, Ukasha, direban akori-kura ne mai kai tumatir da albasa kasuwa. Kafin a ce ya duba ya riga ya ajiye, sannan ya kama kai. Ƙaramin, Nafi'u, tela ne, mutum mai sanyi. Kullum shi ne na ƙarshe, kullum kuma da murmushinsa yake tashi.

Ran nan, wata Juma'a a tsakiyar watan Agusta, an kwana biyu ana ruwa. Wasa ya yi nisa, sai Malam ya zaro tubali mai rafi ya jingina shi da hanya. Aka kwashe da dariya. Ukasha ya ce, "Baba, yau kuma motocin garin naka a ruwa za su bi?" Malam ma ya yi dariya, ya ce gajiya ce. Inna Hajjo ta ji maganar tasa ta yi nauyi kaɗan, amma ta ɗauka gyaɗa ce a bakinsa.

To, ga abin da Huwaila ta yi. Ita ba ta yi dariya ba. Ba tubalin take kallo ba, hannun da ya ajiye shi take kallo. Da hagu ya ajiye. Hannun daman yana kwance a kan gwiwarsa kamar ba nasa ba. Ta taɓa jin wani likita a rediyo yana bayanin yadda shanyewar ɓarin jiki take somawa, abin ya zauna mata. Ta ce, "Baba, ɗaga hannuwanka biyu in gani." Ya harare ta, ya ce ta yi wasanta. Inna Hajjo ta ce a bar shi ya shiga ya kwanta, ta dafa masa jiƙo, in gari ya waye a gani. Wani maƙwabci da ya shigo fakewa ya ce sanyin damina ne, shi ma yakan yi masa haka. Huwaila, wadda tun da ta yi wayo ba ta taɓa ɗaga wa mahaifinta murya ba, ta miƙe tsaye ta tare ƙofar ɗakin, ta ce, "Wallahi Baba ba za ka kwanta ba. Ka yi min fushi daga baya, na yarda. Ɗaga hannun." Ya ɗaga. Na hagu ya tsaya, na dama ya sulale ya faɗi a kan tabarma, tubala suka watse. Gefen bakinsa ma ya ɗan karkace. Sai a lokacin gaban Inna Hajjo ya faɗi. Daga baya likitan asibiti ya gaya mata cewa da an bar shi ya kwanta, da wuya a tashe shi.

Ga kuma abin da Ukasha ya yi. Asibitin da zai iya wannan ciwo yana birni, ruwa kuwa ya cinye gadar da ke tsakanin Tudun Gawo da babban titi tun jiya. Hanyar zagaye sai an yi awa huɗu. Ukasha ya ce ya san wani mashigi can bayan gonakin rake, inda yake ratsawa da rani in zai ɗauko kaya. Ya ce mutum ɗaya kawai zai ɗauka bayan Malam, don nauyi zai nutsar da mota a caɓi. Inna Hajjo ce ta hau baya, ta ɗora kan mijinta a cinya, aka lulluɓe su da tamfol. Suka yi ta tafiya mota tana zamewa tana dawowa, har suka kai rafin. Da rani ruwan iyakarsa idon sawu. Ran nan ja ne jawur, yana tafe da itatuwa. Ukasha ya tura motar ciki, ta yi taku kaɗan ta mutu. Bai tsaya jayayya da ita ba. Ya fara fitar da mahaifiyarsa ya tsayar da ita a gaɓa, ya dawo ya goya mahaifinsa, ya ɗaure shi da zanen Inna kamar jariri, ya ce, "Inna, ko me kika gani, kada ki shigo." Tana tsaye tana gani ruwa ya kai masa ƙugu, ya kai masa ƙirji. Sau ɗaya ya tafi luu kamar ya faɗi, ta rufe ido tana salati. Da ta buɗe, yana can ƙetare yana hawan gaɓa da rarrafe. Daga nan ya yi gudu da goyonsa har titi, ya tsaya a tsakiyar kwalta ya ƙi kaucewa, sai da wata motar haya ta tsaya. Ana kiran Isha'i suka shiga asibiti. Likita ya ce da sun ƙara awa guda, da maganin da aka yi masa bai kama ba. Motar kuwa, wadda ita ce abincin Ukasha, sai bayan kwana uku aka jawo ta da tarakta, injin ya cika da yashi.

Mutanen wata ruga ne suka ba Inna Hajjo masauki. Da hantsi Huwaila, wadda Ukasha ya bugo wa waya daga asibiti, ta iso ta same ta, tun daga nesa tana ɗaga hannu tana cewa, "Yana nan da ransa, Inna! Yana nan!" Inna ta zauna daɓas a ƙasa tana hamdala.

Amma rai daban, rayuwa daban. Mako uku aka sallamo Malam. Hannun dama ba ya motsi, magana ba ta fita sai gurnani. Mutumin da ya yi shekara arba'in yana sassaƙa da fiƙa, yanzu sai an ba shi ruwa a baki. Ya juya fuskarsa bango. Likita ya ce sai ya riƙa motsa hannun kullum yana ƙoƙarin magana, in ba haka ba jijiyoyin za su sandare. Malam ya ƙi. Ya soma ƙin abinci. Huwaila ta yi lallashi ta yi bayani, ya rufe ido. Ukasha ya yi faɗa har da kuka, bai ko waiwaye shi ba. Inna Hajjo tana kallon mijinta yana ƙanƙancewa a kan gado, ta soma jin tsoron cewa sun ƙwato shi daga rafi ne kawai don ya zo ya ƙare a gida.

Sai ga abin da Nafi'u ya yi. Wata rana bayan Azahar ya rufe shagonsa, ya ɗauko akwatin tubala ya shiga ɗakin. Malam yana ganin akwatin ya kai masa duka da hagu, tubala suka tarwatse har ƙarƙashin gado. Nafi'u ya tsince su ɗaya bayan ɗaya. Kashegari ya dawo. Bai ce Baba zo mu yi ba. Ya shimfiɗa tabarma a gaban gadon, ya zauna yana wasa shi kaɗai, yana yi wa kansa surutu. Ku tuna Nafi'u bai iya wasan ba, ya kuma ƙara da gangan. Gona saura tubali ɗaya ta rufe, sai ya kai shi wani gefen. Ganuwa ta kusa haɗewa, sai ya huda ta da hanya. Kwana takwas yana haka, masu ɗinki suna ta komawa wajen wasu teloli. A rana ta tara Inna tana leƙe ta taga, ta ga Malam ya juyo daga bango yana kallon tabarma, fuskarsa a murtuke. Ya yi gurnani, ya nuna wani gurbi da hagu. Nafi'u ya ce, "Baba, ai kai ka hana hagu. In kana son a gyara, ga tubalin nan." Ya ajiye shi kusa da hannun da ya mutu. Malam ya fi minti goma yana gumi, yana tura tubalin da bayan yatsunsa, har ya faɗo daga gado ya sauka kan tabarma. Ba a gurbin ya sauka ba, amma Nafi'u ya ce an karɓa.

Haka suka yi wata huɗu, kullum. Daga turawa ya koma tsinka, daga tsinka ya koma ɗauka. Aka ce ba a wasa da yunwa, sai ya soma shan kunu. Wata Laraba Inna tana madafa tana tuƙa tuwo, sai ta ji wata murya daga ɗaki, a shaƙe amma sarai: "Ba nan ba, sakarai!" Muciya ta suɓuce mata. Ta tsuguna a gaban murhu tana dariya tana hawaye, tuwon nan har ya kama. Ta ce a rayuwarta ba ta taɓa jin zagi mai daɗin wannan ba.

Bayan an gama girbi, wata Juma'a, aka sake shimfiɗa tabarma a ƙarƙashin rumfa. Malam ya fito da sanda, da ƙafarsa. Aka yi wasa har jaka ta ƙare. Huwaila ce ta ci, Malam na biyu, ya ce rana ce ta shigar masa ido. Inna ta duba 'ya'yanta uku da mijinta suna gardama a kan wata 'yar gona, ta sauke wani numfashi da ta ji kamar tun watan Agusta take riƙe da shi.

Da aka mayar da tubala, Malam ya rungume akwatin, ya yi magana a hankali, kalma-kalma, don har yanzu harshen bai gama sakewa ba. Ya ce ciwon nan ya nuna masa ba a jiran gobe. Yana so tun yana raye ya damƙa akwatin ga ɗaya daga cikinsu, kuma duk wanda ya riƙe shi, gidansa ne zai zama matattarar dangi ranar Juma'a in su sun kau. Ukasha ya ce a raba tubalan uku mana. Malam ya ce ko ɗaya ya ɓace, wasan ya lalace. Huwaila ta ce to a sa wani kafinta ya yi wasu biyu. Ya ce a'a, in akwati ya zama uku kowa zai zauna a gidansa, shi ke nan an watse. Sannan ya juya wajen matarsa ya ce, "Hajjo, ni rabin abin ban san an yi ba. Ke kika ga komai da idonki. Ke za ki zaɓa."

'Ya'yan kuwa ba su taimake ta ba. Huwaila ta ce ita magana kawai ta yi, Ukasha ne ya sa ransa. Ukasha ya ce shi aikin yini ɗaya ya yi, Nafi'u na wata huɗu. Nafi'u ya ce da Yaya ba ta tare ƙofa ba, da shi da wa zai yi wasan?

Inna Hajjo ta karɓi akwatin ta ɗora a cinya. Ta dubi wadda ta gane ciwon lokacin da kowa yake dariya, har ita kanta. Ta dubi wanda ya shiga ruwa da goyo, ya bar motarsa a rafi. Ta dubi wanda ya zauna a gaban gado har mutum ya sake son rayuwa. Har aka kira Magariba akwatin yana nan a cinyarta.

To, ni na kawo ku inda Inna Hajjo ta tsaya. Da a cinyarku akwatin nan yake, Huwaila, Ukasha ko Nafi'u, wa za ku miƙa wa?