Hannun Daman Madawaki Jatau

A zamanin da, tun ana shafe wata uku a hanyar hamada, an yi wani sarki mai suna Ɓaidu wanda bai san zaman lafiya da zuciyarsa ba. Maƙwabcinsa na gabas yana ta tara dakaru, ga labari kullum yana zuwa cewa da kaka za a far wa birni.

Ana cikin wannan hali sai wani falke, Nagoma, ya dawo daga Tarabulus, ya kawo wa Sarki gaisuwar wata takarda mai hoton yaƙin Turawa. Kai, abin ba kyan gani! Ga barade sun lulluɓe da ƙarfe har fuska, ga dakarun ƙasa kowa da mashinsa dogo kamar gorar kafa rumfa, ga igwa tana aman hayaƙi, ganuwa ta tsage, gawa a kan gawa. Sarki ya duba, ya sake dubawa, sai ya yi zumbur ya miƙe.

"Kun ga asirin mutanen nan? Kowannensu da hagu yake riƙe da takobi!"

Fadawa suka ce, "Allah ya ƙara wa Zaki basira!" Su dama ko da ƙafa aka ce, haka za su ce.

Nan take aka yi shela: daga yau kowane mayaƙi ya koma sara da hagu. Filin horo ya rikice. Wannan ya yanke kunnen dokinsa, wancan ya soki cinyar ɗan'uwansa. Madawaki Jatau, shugaban mayaƙa, ya zo fada ya faɗi ya yi gaisuwa, ya ce, "Allah ya ba ka nasara, ba a fafe gora ranar tafiya. Ba zan kai 'ya'yan mutane mahalaka ba."

Sarki ya fusata, ya ce, "Hannun daman da ya ƙi ajiye takobi, a sare shi ranar Juma'a bayan an sauko."

Waziri Gwadabe kuwa tare suka yi wasan ƙasa da Jatau. Ya koma gida ya kasa zaune ya kasa tsaye. Aka kawo tuwo, ya kalli hannunsa na dama a bakin akushi, sai ya ji abincin ya fita ransa. Ya aika aka kira falke.

"Malam Nagoma, wane alƙalami ne ya zana wannan abu?"

"Ranka ya daɗe, ai ba zane ba ne. A jikin allo suke sassaƙa shi, su shafa tawada, su danna a takarda. Na ga irinsa tuli guda a kasuwa, duk kama ɗaya."

Waziri ya shiga juya zoben hatiminsa a yatsa. Can ya dubi rubutun da ke jikin zoben, wanda aka sassaƙa a juye domin ya fito daidai. Ya ce, "Af! Ashe haka ne." Amma ya san halin ubangidansa: a gaya masa ya yi kuskure a gaban jama'a, to hannu biyu za a sare. Sai ya sa masassaƙi ya yi masa aiki a ɓoye.

Ranar Juma'a aka fito da Jatau a ɗaure, hauni mai sare masu laifi ya tsaya da takobi. Waziri ya durƙusa, ya miƙa wa Sarki allon da aka sassaƙa.

"Zaki, na sa an yi wa bayinka hoto irin na Turawa, don a tuna da laifin wannan mai taurin kai. Duba ko an yi daidai. Da wane hannu mutumin nan ya riƙe takobi?"

Sarki ya ce, "Da dama mana. Jatau ke nan sak."

"To, Allah ya ja zamaninka, hannunka mai albarka ya kamata ya fara bugawa."

Sarki ya shafa tawada, ya kife allon a kan takarda, ya danna, ya ɗaga. Sai ga mutumin da takobi a hagu. Ya dubi allo, ya dubi takarda. Ya sa aka ɗauko hoton Turawa ya ajiye kusa da su. Har fadawan nan masu baki sun rasa abin yabo.

Waziri ya sunkuyar da kai, ya ce, "Zaki ne ya gano da hannunsa. Mu ba mu ga komai ba."

Kunya ta kama Sarki. Daga nan ya sauko daga karaga, ya kwance igiyar da kansa, ya soke shelar, ya sa a yi jinyar waɗanda suka ji rauni daga baitulmali. Ya riƙe hannun Jatau ya ce, "Madawaki, na zalunce ka. Faɗi abin da kake so."

Jatau ya murza wuyan hannunsa inda igiya ta ci, ya ce, "Allah ya ba ka nasara, a ba ni takobina. Mutanen gabas sun ƙetare kogi tun jiya, kuma su ba su ga hoton ba."