Mutum Bakwai da Ba Su Zo Ba

An yi wani mutum a wani gari, shekarun baya, ana ce masa Ilu Mai Faranti. Ku matso, ku saurara, don ni duk sanda na tuna bawan Allah nan sai in ji kaina ya yi girma.

Ilu ba attajiri ba ne, duk dukiyarsa babur ɗaya ce. Sana'arsa kai ma'aikata wurin taro. In za a yi biki ko taron kamfani, shi zai kawo masu girki da masu raba abinci da masu wanke-wanke. Abu ɗaya yake taƙama da shi: shekara goma sha biyu, Alhamis ba ta taɓa wucewa ma'aikacinsa bai karɓi haƙƙinsa ba. Ko sau ɗaya!

To kun san halin kamfani. Ka yi musu aiki yau, su sa hannu a takardar neman biya, su ce ka dawo bayan wata biyu. Ma'aikaci kuwa cikinsa bai san wata biyu ba. Don haka Ilu kan kai takardar wurin wani ɗan kasuwa, Alhaji Nadabo, ya ba shi kashi takwas cikin goma nan take. In kamfani ya biya, Alhaji ya ɗauki nasa da ladan bin kuɗin, ya miƙo saura. Malam na baya, sauke hannunka, hukuncin wannan ciniki karatun wata rana ne. Yau maganar gaskiya muke yi.

Sharaɗin Alhaji ɗaya ne: takarda mai sa hannun kamfani, in babu ita babu ko sisi.

Ana nan sai wani kamfani ya nemi mutum arba'in na taron kwana uku. Ilu ya tara su. Ranar farawa, motar da ta ɗauko mutum bakwai daga ƙauye ta mutu a hanya, ba su zo ba sam. Talatin da uku suka ɗauki aikin. Wallahi sun sha wuya, ƙafafu suka kumbura, amma baƙo ko ɗaya bai jira abinci ba. Da aka gama, jami'in kamfani ya jawo takardar da aka rubuta tun farko, ya sa hannu bai ƙirga kowa ba. Takarda ta ce arba'in.

Ranar Laraba ke nan. Gobe Alhamis.

Ilu ya zauna da takarda a hannu yana kallonta. Shugabar masu girki, Inna Delu, tsohuwa ce mai baki, ta leƙo ta karanta fuskarsa.

Ta ce, "Malam Ilu, me kake kallo? Tashi ka kai wa Alhaji."

Ya ce, "Inna, arba'in aka rubuta."

Ta ce, "To aikin mutum nawa muka yi? Dubi ƙafata! Ai ba sata ba ce, guminmu ne."

Ku saurara, jama'a. Shaiɗan ba ya zuwa wa mutumin kirki da maganar banza. Da magana mai kama da gaskiya yake zuwa. Ilu kansa ya ji maganar ta shige shi, har ya miƙe. In ya ce a gyara takarda, sabon sa hannu sai ya ci mako biyu a ofis. Babu kuɗi gobe ke nan, taƙamar shekara goma sha biyu ta rushe, mutum talatin da uku su koma gida hannu wofi. Tsoro ya kama shi, ba zan ɓoye muku ba.

Sai ya ce, "Inna, kun yi aikin arba'in, Allah ya gani. Amma takardar nan kawuna ta ƙirga. Bakwai ɗin nan ba su tsaya a wurin ba, ni kuwa zan tsaya gaban Allah."

Ya hau babur ya tafi wurin Alhaji Nadabo, ya faɗa masa komai.

Alhaji ya ce, "Ilu, ka san in ka yi shiru babu wanda zai sani?"

Ya ce, "Na sani, ranka ya daɗe."

"Ka kuma san ba na ba da kuɗi a kan takardar da za a soke?"

"Na sani."

"To sai ka kawo sabuwa."

Kuna jiran in ce Alhaji ya tausaya masa? Bai tausaya ba. Ilu ya fito, ya kai takarda kamfani a gyara, daga nan ya zarce kasuwar babura.

Alhamis da la'asar ma'aikata suka yi layi a ƙofar ɗan shagon da yake haya, kamar kullum. Ilu ya biya kowa cif, har da ɗan ƙari na wahalar da suka sha. Inna Delu ta karɓi nata tana murmushi, a zatonta ya ji shawararta. Sai ta ga ya rufe shago ya kama hanya a ƙasa.

Ta ce, "Malam Ilu, ina babur?"

Ya ce, "Yana hannunku, Inna."

Tsohuwar nan ta dubi kuɗin da ke hannunta, sai hawaye. Ta je ta ɗauko faranti, ta zuba rabin nata, ta zagaya da shi. Kowa ya zuba. Ta kawo gabansa.

Ilu ya ce, "A'a. Haƙƙinku ne, ba zai dawo hannuna ba."

Suka yi, suka yi, ya ƙi. To tunda ya ƙi kuɗi, sai suka raba kwanaki a tsakaninsu. Kullum da safe mai keke ko mai babur a cikinsu yana ƙofar gidansa yana jira. Kwana goma sha shida ana kai shi ana dawo da shi, ƙafarsa ba ta taka hanyar aiki ba.

Ranar da sabuwar takarda ta fito, ya kai wa Alhaji. Alhaji bai ko buɗe ta ba. Ya ce, "Mutum nawa, Ilu?"

Ya ce, "Talatin da uku."

Alhaji ya ƙirga kuɗi ya ba shi, ya ce, "Daga yau haka za mu riƙa yi. Ka faɗa da bakinka, takarda ta biyo baya."

Allahu Akbar! Mutumin da bai taɓa yarda da kowa ba sai da sa hannun kamfani!

To 'yan'uwa, darasin a fili yake. Sa hannun wani ba ya mai da ƙarya gaskiya, kuma haƙƙin ma'aikaci ba a biyansa da kuɗin da ba naka ba. In wani zai yi asara, to kai ne, ba su ba. Kai ɗan kwangila da ke rubuta buhu ɗari ka kai tamanin, kai mai gareji da ke cewa yara su dawo jibi alhali kuɗinsu na aljihunka, da ku nake. Kowannenmu yana da bakwai ɗinsa da ba su zo ba, kuma ya san su. Ka je gida yau ka soke su da hannunka, tun kafin ranar da za a ƙirga maka.

Allah ya ba mu ikon gyarawa.