Perlita Ba Gyara Ba Ce

Akwai wata mata mai suna Perlita, 'yar ƙasar Filifin, da ta biyo mijinta Efren wani ƙaramin gari a Manitoba, ƙasar Kanada. Efren yana tatsar shanu a gonar wani Mista Brandvold, kuma izinin aikinsa a ɗaure yake da gonar. Idan aka sallame shi, zamansu a Kanada ya shiga rawa. Ita kuwa izinin da aka ba ta a matsayin matar ma'aikaci ya ba ta damar yin aiki duk inda ta samu.

Ba ta jima ba ta samu gurbi a gidan burodin garin, don sana'arta ce tun a gida. Burinsu su tara abin da zai ɗauko 'ya'yansu da suka bari wajen kakarsu a Iloilo, can Filifin.

Da labari ya kai kunnen Brandvold, sai ga shi a ƙofar gidan da ya ba su. Ya ce al'adar gonarsa ita ce matar ma'aikaci ta share masa gida, ta yi wanki, ta dafa wa ma'aikata abinci, ba tare da ta tambayi ko sisi ba. Ya kuma tuna musu cewa lokacin sabunta kwantiragin Efren ya kusa.

Brandvold na tafiya Efren ya shiga lallashinta. "Perlita, ki rufa mana asiri. Mutumin nan shi ke riƙe da wuyana."

Ta ji tausayinsa har cikin ranta, amma ta ce ba ta rabu da 'ya'yanta ta tsallako teku don ta yi bauta ba.

Washegari ta sa rigar sanyi ta taka har rumfar tatsa. A gaban ma'aikata ta tsaya ta ce, "Mista Brandvold, mijina ka ɗauka aiki. Ni ba gyara ba ce da aka ɗora maka a kai. In kana son mai shara, ka ɗauka ka biya ta."

Brandvold ya yi dariya, amma daga ranar Efren bai sake samun ranar hutu ba. Duk aikin da ya fi wahala a cikin ƙanƙara shi ake tura wa, har fatar hannuwansa ta tsage. Efren ya daina yi wa Perlita magana sai dole. Ita kuma kullum ta shafa masa mai a hannu, da safe ta wuce gidan burodi.

Ranar Lahadi bayan coci, mutanensu 'yan Filifin suka taru cin shinkafa da kaza kamar yadda suka saba. Wata dattijuwa da ake kira Ate Corazon, wato Yaya Corazon, ta ɗaga murya don kowa ya ji: "Ga uwar 'yanci nan ta iso. Ki ci da kyau, ƙila ki koma Iloilo da yunwa."

Perlita ta ajiye cokali. "Ate, in na koma, da ƙafata zan koma, ba da rarrafe ba."

Sai wata mata mai suna Nenita ta miƙe. Ta ce ita ma ta daɗe tana wanke wa Brandvold banɗaki kyauta, tsoro ya hana ta faɗa wa ko 'yar'uwarta. Wata matar ma ta ce haka aka yi mata.

Tare suka je ofishin da ke taimakon ma'aikata baƙi. Aka ce maganarsu na da ƙarfi, amma sai mai kwantiragin ya buɗe baki da kansa. Perlita ba ta matsa wa Efren ba. Ranar da za su koma ofishin, ta fito ta same shi a mota yana jiranta, ya sa rigarsa ta zuwa coci.

Bincike ya ɗauki watanni, sun kuma sha wuya, har suka bar gidan da Brandvold ya ba su suka koma ɗaki ɗaya a gidan Nenita. A ƙarshe aka ba Efren izinin da zai yi aiki a ko'ina. Sauran ma'aikatan suka bi bayansa ɗaya bayan ɗaya, aka bar Brandvold da shanu suna kuka ba mai tatsa.

Wata safiya Brandvold ya shigo gidan burodi, fuska duk gajiya. Ya wuce mutane ya zo gaban Perlita, ya sassauta murya ya roƙe ta ta sa baki Efren ya dawo.

Ta dube shi, ba fushi ba murmushi. "Efren ya samu inda ake ganin mutuncinsa. In burodi kake so, ka koma bayan layi."

Ya waiga ya ga duk idanu a kansa. Ya koma bayan layi.

Darasi: Wanda ya ɗauki mutum aiki bai sayi iyalinsa ba. Azzalumi da tsoronka yake cin ka, ranar da ka buɗe baki za ka tarar ba kai kaɗai yake cuta ba. Ka san haƙƙinka, ka tsaya a kai. Ku tura wa 'yan'uwanku da ke aiki a ƙasashen waje, wataƙila wata tana can tana haɗiye irin wannan ita kaɗai.