Bakin Zabuwa

Ga ta nan, ga ta nanku!

Ta zo mu ji, mu ƙaru.

Zabuwa ce, uwar surutu. Duk ƙwan da ta saka sai ta yi shela, Damo sarkin haƙuri kuwa yana kwance yana saurare. Shekara da shekaru ba ta ga tsakonta ba.

Kurciya ta ce, "Yaya, bakinki ke cinye miki 'ya'ya. Bana ki kama shi."

Ta daure, ta ɓoye ƙwayayenta cikin sarƙaƙiya har suka fara tsagewa. Sai Damo ya gifta yana cewa, "Allah sarki, Zabuwa ta zama juya."

"Ni ce juya? Zo ka gani!"

Ya zo kuwa, ya gani. Ɓawo kaɗai ya bar mata.

Ƙurunƙus kan kusu, mai baki ya ji da kunnensa.