Wuƙar da Baba Maƙeri Ya Ƙi Wasawa

Akwai wani layi da aka yi wata da watanni babu gidan da za ka samu dakusasshiyar wuƙa a cikinsa, sai gida ɗaya tak. Abin dariyar kuma, gidan maƙeri ne. Jama'ar wannan shafi, ku gyara zama ku ji yadda aka yi.

Matar da ke fama da wannan wuƙa, Maman 'Yan Biyu ake kiran ta. Kitso take yi a tsakar gida. Mijinta shi ne ƙaramin ɗan Baba Maƙeri. Ya rasu ya bar ta da tagwaye mata a ɗakuna biyu na bayan gidan mahaifinsa, ita kuma ba ta tafi ko'ina ba. Ita ke dafa wa tsohon abinci, ita ke tuna masa maganin hawan jini, ita ke shan faɗa idan gishiri ya zarce.

Abu ɗaya ne yake ci mata rai. Ta san idan ɗa ya riga ubansa tafiya, kuma akwai 'yan'uwansa maza a raye, 'ya'yansa ba su da kaso a gadon kakansu, sai in kakan ya yi musu wasiyya. Wato ranar da Baba ya rufe ido, ɗakunan nan sun tashi daga nasu. Amma wace suruka ce za ta buɗe baki ta yi wa surukinta zancen mutuwarsa? Sai ta bar ta ciki a ciki.

Ashe tsohon ya riga ta tunani.

Wata safiya ya sa rigarsa ta fita unguwa, ya ɗauki sanda, ya fice bai ce da kowa komai ba. Da ya dawo ya zube a kujera, ya cire hula yana fifita da ita.

"'Yata, ofishin lauya na je," ya ce. "So nake ya rubuta min wasiyya, ɗakunan baya su zama na jikokina. Da ya faɗi kuɗin aikin sai da na ce ya maimaita. Na zaci kunnena ne ya tsufa."

Lauyan ya yi masa bayani dalla-dalla. Ya ce sai ya duba takardun gida, ya tabbatar ɗakunan ba su wuce kashi ɗaya cikin uku na abin da ya mallaka ba, a kawo shaidu, a sa hannu, ya ajiye takardar a wurinsa. Aiki ne, kuma kuɗinsa ya kai cefanen gidan na wata biyu. Baba kuwa ya daɗe da rufe maƙera. Babban ɗansa, wanda ake kira Manaja, shi ke aiko da kayan abinci duk wata, amma kuɗi a hannu babu.

Maman 'Yan Biyu ba ta tsaya dogon tunani ba. Ta kai hannu kunne ta fara cire 'yan kunnen zinaren da mijinta ya saya mata.

"Mayar da su!" Baba ya daka mata tsawa. "Idan sisinki ya taɓa takardar nan, takardar ta mutu. Cewa za a yi kin ja tsoho kin kai shi kin biya an rubuta miki abin da kike so."

"Baba, wa zai sani?"

"Ni zan sani. Ke ma za ki sani, kuma ranar da aka tsare ki da ido ba za ki iya ɗaga kai ba."

Manaja ya ji labari, ya zo da motarsa ya tare rabin layi.

"Haba Baba, meye na lauya? Ina raye 'ya'yan ƙanina za su rasa wurin kwana?"

"Ban ce kai mugu ne ba," in ji tsohon. "Amma yau daban, gobe daban. Ranar rabo ba kai kaɗai za ka zauna ba, da buƙatunka za ka zauna, da masu hura maka kunne."

"To shi ke nan, ni zan biya. Akwai lauyan kamfaninmu."

"A'a. Wanda ya biya, fuskarsa ake kallo idan ana rubutu. Tawa nake so a kalla."

Washegari Maman 'Yan Biyu ta ji ana jan ƙarfe a ɗakin shirgi. Ta leƙa, sai ga Baba yana fito da tsohon dutsen washinsa, irin mai juyawa wanda ake takawa da ƙafa. Ya goge tsatsa, ya ɗiga mai, ya kafa shi a ƙofar gida. Ya taka, dutse ya juya, tartsatsi ya tashi. Kunya ta kama ta, don za a ce ana gida ɗaya da ita tsoho yake neman kuɗi a bakin titi. Amma da ta ga yadda ya miƙe kafaɗa, sai ta ƙyale shi.

Mahauci ne ya fara kawo wuƙaƙensa. Da ya miƙa kuɗi, Baba ya ɗaga su sama yadda kowa zai gani, ya ce da ƙarfi, "Ka shaida, wannan kuɗin lauya ne!" Sannan ya jefa a gwangwanin madara.

Haka ya yi wa tela da almakashinsa. Haka ya yi wa mai aski, da mai shayi, da matan layi. Har yara suka haddace, da sun ga ya karɓi kuɗi sai su riga shi: "Kuɗin lauya ne!"

Mutanen layin nan kuwa, Allah ya yi musu albarka, sai suka so su yi masa wayo. Mahauci ya dawo da wuƙar da aka wasa jiya. Baba ya shafa bakinta da babban yatsa, ya miƙa masa abarsa.

"Wannan ko sauro ya sauka a kanta sai ya rabu biyu. Sadaka ka kawo min? Ɗauke ta ka ba ni wuri."

Daga ranar dabara ta sauya. Maman 'Yan Biyu da idonta ta ga matar tela a tsugune tana gurza wuƙa a kan siminti don ta dakushe. Suka haɗa ido, kowacce ta toshe baki tana dariya. Wuƙar mahauci kuwa ta sha washi har ta koma siririya kamar tsinke.

Wuƙa ɗaya ce Baba ya ƙi taɓawa, ita ce ta ɗakin girkin gidansa. Ta dakushe har tumatir ba ta yankawa, sai dai ta murƙushe shi. Rannan abin ya ishi Maman 'Yan Biyu, ta fito da ita.

"Baba, ku taimaka ku ɗan goga min ita. Duk layi na yanka, mu muna dandaƙa."

"Koma da ita ciki."

"Ai ba biya zan yi ba, kyauta za ku yi min."

"Wanda ya hango ki daga nesa da wuƙa a gabana, ya san kyauta ce? Cewa zai yi ya ga kina zuba kuɗi a gwangwani. Ki yi ta dandaƙa, 'yata, ni ba zan yi ƙorafin miya ba."

Ta koma ciki tana ƙunƙuni. Ta ji haushi ƙwarai ranar, ba ta ɓoye ba.

Manaja ma ya zo ya yi nasa faɗan, wai Baba yana zubar masa da mutunci a idon abokansa. Tsohon bai ko ɗaga ƙafa daga kan abin takawa ba. Cewa ya yi, "Da wannan dutsen aka biya maka makaranta, a lokacin bai zubar maka da komai ba."

Sannu a hankali gwangwani ya cika. Ƙafar Baba ta kumbura, ita ke gasa masa da ruwan ɗumi, yana cije baki yana cewa ba ciwo. Ranar da zai kai kuɗin ya tafi da mahauci da tela a matsayin shaidu, ita kuma ya ce ta zauna a gida. Ya dawo yana tafe yana dogara sanda kamar wanda ya sayi gari. Ya mayar da dutsen ɗakin shirgi, ya ce, "Gobe in na huta zan wasa miki taki."

Gobe ta zo da zazzaɓi. Daga wannan kwanciya Baba Maƙeri bai ƙara tashi ba.

Bayan an share makoki, wani mai kuɗi ya taya gidan gaba ɗaya, zai rushe ya gina shaguna, amma ya ce sai da ɗakunan baya. Abin da tsohon ya hango ya iso. Aka taru a falo, Manaja da matarsa da sauran dangi, ga lauya da takarda a hannu. Maman 'Yan Biyu na zaune a bakin ƙofa.

Lauya ya karanta wasiyya. Manaja ya yi wata 'yar dariya.

"Wa za a raina wa hankali? Washin wuƙa ne zai biya lauya? Wancan duk rufa ido ne. Akwai mai kitson da ke cika gwangwanin ta bayan fage, ta sa an rubuta mata abin da take so."

Duk ido ya dawo kanta. A nan ta tuna maganar Baba, ta kuwa ji kanta ya ɗagu da kansa. Ta tashi ta shiga ɗakin girki, ta dawo da wuƙa da tumatir ɗaya, ta ajiye a kan tebur a gabansa.

"Yaya, yanka min wannan."

Ya dube ta sheƙeƙe, amma idon mutane ya sa ya ɗauka. Ya danna, ya goga, tumatir ya fashe ya fantsama masa a hannun riga.

"Wuƙar gidan maƙeri ke nan," ta ce. "Ka bi layin nan gida-gida, ba za ka samu irinta ba. Ko kyauta Baba ya ƙi wasa min ita, don kada a ce an ga hannuna kusa da gwangwaninsa. 'Yan kunnena ga su a kunnena. Ban biya ko sisi ba, Yaya, kuma ina alfahari da hakan."

Lauya ya gyara tabarau ya ce shi dai bai taɓa karɓar kuɗin aiki irin wannan ba. Ƙananan takardun kuɗi ne duk sun yi baƙi da garin ƙarfe, har sai da ya wanke hannu bayan ya karɓa. Ya ce ya so ya yi ragi, tsohon ya ƙi, wai a karɓi abin da ake karɓa a hannun kowa.

Sai matar Manaja ta yi gyaran murya.

"Ni ma ina cikin masu biya. Wuƙar da ake yanka maka nama da ita a gidanka, Baba ne ya wasa ta. Da kaina na kawo, ya karɓi kuɗin, ya ɗaga sama ya ce in shaida. To yau na shaida."

Manaja ya daɗe yana kallon wuƙar a hannunsa. Da ya buɗe baki, muryarsa ta sauya.

"Na ce masa zan biya fa."

"Ka biya ai," in ji matarsa. "Daga kuɗin cefanenka na cire."

Wani ya tuntsire da dariya, shi kuwa Manaja hawaye ne ya zubo masa. Ya jawo tagwayen ya riƙe hannuwansu, ya ce da lauya a bi takarda yadda take. Mai shaguna ya nemi wani gidan.

Daga baya mahauci ya aiko a karɓo wuƙar ya wasa mata. Maman 'Yan Biyu ta ce a gode masa, ta sayi sabuwa. Tsohuwar tana nan rataye a bangon ɗakin da ya zama na 'ya'yanta, a dakushe yadda Baba ya bar ta.

Darasi: Kuɗin rubuta wasiyya yana da nauyi, amma bai kai nauyin rigimar da za ka bar wa marayu ba. Ka gyara bayanka tun kana da numfashi, kuma ka gyara shi da guminka, yadda ba mai samun bakin magana a kan wanda ka so ka kare. Idan akwai dattijo a gidanku ko maraya a danginku, tura musu wannan labari, kada ya tsaya a wayarka.