Madubin Bindigar Nusret

Akwai wani mutum a ƙauyenmu, nan saman Travnik a tsaunukan Bosniya, sunansa Nusret. Ya daɗe a Jamus yana sa wa mutane tagogi, ya dawo gida da tumbi, da doguwar mota, da jikin da ba ya iya zama wuri ɗaya. Kafin gahawarsa ta huce ya sauya kujera. Matarsa ta rantse ko a barci juyi yake kamar rago a kan garwashi.

Abu ɗaya ya hana shi sakat tun da ya dawo: wurin tsayuwar mahaifinsa.

Kun san in kaka ta yi, aladun daji suka fara sauka cikin masara, ƙungiyar maharbanmu kan fita kora. Masu kora su shiga daji da karnuka da ihu, maharba kuma kowa ya tsaya inda aka ajiye shi. Wurin da ya fi daraja shi ne Mashigin Rafi, wani tsuki tsakanin duwatsu biyu, inda aladu ke bi in an matsa musu. Daga shi sai gonaki. Mahaifin Nusret ya riƙe wurin har ya rasu, kuma a al'adar ƙungiyarmu ɗa yana da fita ɗaya ta gwaji a wurin ubansa. In ya yi abin kirki, ya gada. In ya ɓata, wuri ya bar gidansu ke nan.

Bindigar tsohon tana nan lafiya lau. Idon Nusret ne ya fara gajiya, dole sai da madubin hange da ake ɗora wa bindiga.

Ya tafi gari saye, sai Refik ya maƙale masa a mota. Refik mijin yayarsa Fikreta ne, mai kantin magani, irin mutanen da suka san komai. Abin haushin, yawanci gaskiya yake faɗa.

"Ɗan Jamus, buɗe kunnenka," in ji Refik tun kafin su shiga shago. "Dajinmu ba filin jirgi ba ne. Alade zai fito maka kusa har ka ji warinsa. Ƙaramin madubi za ka saya, mai jawo abu kusa daga ninki ɗaya ya tsaya a shida. A ɗaya ba ya jawo komai, idanunka biyu a buɗe, ka ga alade, ka ga karen da ke binsa, ka ga mutum. In ka hango dila can bakin gona, ka murɗa zuwa shida. Aiki ya ƙare."

"Mijin Yaya, ciwon kai na ce maka ina yi? Ka ajiye shawara sai na zo kantinka."

Mai shago ya ɗora masa ƙaramin a kan bindigar katako ta gwaji. Nusret ya kai kafaɗa. Ba nauyi. Wani jan ɗigo ya zauna a tsakiya, duk inda ya juya yana nan, kuma ya ga shagon gaba ɗaya, daga ƙofa har kyanwar da ke barci a kan akwati. Ransa ya kwanta. Hannunsa har ya fara lalubar aljihu.

Sai Refik ya gyara gashin baki ya ce, "Ai na gaya maka."

Nusret ya ajiye madubin kamar ya ƙona shi. Ya zaga shagon, ya dawo, ya sake zagawa, sannan ya nuna wani ƙato a sama, tsawonsa kamar bututun hayaƙin murhu.

"Wancan fa?"

"Wancan na masu harbin allo ne daga nesa, suna kwance rubda ciki," in ji mai shago. "Daga biyar yake farawa, har ashirin da biyar. A cikin daji zai zame maka wahala, maigida."

"Ashirin da biyar ya fi shida ko bai fi ba?"

"Ya fi, amma..."

"Naɗe min shi."

A hanyar dawowa Refik ya ce, "Da wannan ai har Jamus za ka riƙa hango tagoginka." Nusret ya ƙara murya a rediyo.

Ranar fita, da safe, raɓa ta daskare a kan ciyawa. Baffa Hamdo, shugaban ƙungiya, tsohon da ya yi farauta da mahaifin Nusret, ya tara mutane ya maimaita abin da yake faɗa kowace shekara.

"Ba a barin wuri. Ba a harbi sai an ga dabba gaba ɗayanta. Bakin bindiga ba ya kallon mutum, ko da wasa."

Ya raka Nusret har Mashigin Rafi, ya dafa kafaɗarsa, ya wuce.

Nusret ya tsaya. Ya zauna a kan dutse, sanyi ya tashe shi. Ya jingina da itace, ƙafa ta yi tsami. Ya ciro burodi mai cuku daga jaka, ya gutsura, ya mayar. Ihun masu kora yana can nesa, kamar a wata ƙasa. Ya duba hagu, itatuwa. Ya duba dama, itatuwa. Ga madubi sabo fil a hannu, bai ga komai da shi ba tukuna.

Sai ya ɗaga bindiga ya murɗa zoben madubin har ƙarshe.

Jama'a, madubin nan yana gani. Ta wata kafa tsakanin rassa ya hango ƙauye, ya hango matarsa a bakin shinge tana hira da maƙwabciya. Ya ce har a leɓenta ya gane zancensa ake yi. Ya juya zuwa tudun da ke gabas, sai ga Refik a wurin tsayuwarsa yana cin fanke mai nama, ɓurɓushi ya cika gashin bakinsa. Nusret ya dinga dariya shi kaɗai.

Refik ya ɗago kai, ya ga gilashi yana ƙyalli daga mashigi, ya san abin da ke ƙarƙashin gilashin. Ya saki abinci ya zube bayan kututture, cikin taɓo.

Nusret yana tsaka da dariya ya ji haushin karnuka a bayan kunnensa, ƙasa tana girgiza. Ya juyo da bindiga. Duhu. Ya matsa kaɗan, ɓawon itace, kowace tsaga kamar kwazazzabo. Ya sake matsawa, sai gashi, baƙin gashi mai kauri ya cika madubin ya wuce. Na alade ne ko na kare, bai sani ba. Ya kama zoben da yatsun da sanyi ya sandarar, ya mayar da shi biyar da ƙyar. Gashi ne dai, sai dai ya ɗan ƙanƙance.

A yaba masa abu ɗaya: bai harba ba.

Garke guda ya wuce ta gabansa, uwa a gaba, 'ya'ya a baya, ƙaton namiji a ƙarshe. An ce namijin har ya tsaya, ya zaro burodin daga jaka, ya dubi Nusret da tausayi, sannan ya bi iyalinsa. Wasu na cewa wannan ƙari ne. Ni dai na ga jakar, kuma babu burodi a ciki.

Gonar farko a ƙasan mashigi ta Fikreta ce. Kafin a kori aladun, masarar ta kwanta kamar an yi kokawa a ciki.

Da rana aka taru a gefen tukunyar wake, kamar kullum, don a yi shari'ar fita. Nusret ya kasa zama. Ya ce madubin ne bai da kyau, ya ce rana ce ta shiga idonsa, ya ce karnukan ne suka yi sauri.

"Zauna, ɗana," in ji Baffa Hamdo. "Alade ya taɓa wuce kowa a nan. Ubanka ma alade ya wuce shi, har ya hau itace. Ba wannan ba ne. Refik, me ya kai ka cikin taɓo?"

Refik ya dubi wandonsa. Ya kakkaɓe shi ya ce, "Santsi ne, Baffa."

"Santsi ne. Ni ina saman tudu, na ga santsin yana ƙyalli daga mashigi."

Nusret ya ce, "Baffa, kallo kawai na yi. Yatsana ko kusa da kunamar bindiga bai je ba."

"Madubin a jikin me yake?"

Kowa ya san amsar: a jikin bindiga yake.

"Wuri ya tafi," in ji tsohon. "Bana kana cikin masu kora, ba bindiga. Refik, kai ne na gaba a layi."

"A'a, Baffa, a ba wani. In na karɓi wurin surukina daga hannun ɗansa, sai dai in koma kwana a kanti."

Aka zuba sunaye a hula, wuri ya faɗa wa wani makaniki daga ƙauyen ƙasa.

Da yamma Nusret ya je ba yayarsa haƙuri. Fikreta ba ta yi faɗa ba. Ta miƙa masa buhu ya tsince masarar da ta rage, da ya gama ta ba shi murfin tsohuwar tukunya da muciya.

"Ungo, ƙanina. Wannan ba ya buƙatar saiti."

Fita ta gaba, Nusret ya keta daji yana buga murfi, ƙaya tana jan wandonsa, murya ta dishe. Kora ta ƙare a Mashigin Rafi. Makanikin yana zaune a kan dutsen da mahaifin Nusret ya saba zama, alade kwance a gabansa. Ya ɗaga wa Nusret hula cikin ladabi.

Nusret ya daɗe a tsaye, murfi a hannu, bai motsa ba. Waɗanda suka san shi sun ce ba su taɓa ganin ya daɗe haka a wuri ɗaya ba.

Darasi: Ka zaɓi kayan aiki daidai da aikin da ke gabanka, ba daidai da girman kanka ba. Shawara mai kyau ba ta lalacewa don ta fito daga bakin wanda ke ba ka haushi, kuma makami ba abin leƙen mutane ba ne. Ku tura wa ɗan'uwan nan naku da ba a gaya masa magana, amma kada ku ce masa "ai na gaya maka."